Ƙidayar Walƙiya a Gwadabawa

Kawu Nomau ba ya tsoron walƙiya mai surutu.
Ni ne ke tsoronta, ina ɗan shekara tara,
daren da muka kwana gadin rudun albasa
a bakin fadamar Gwadabawa.

Hadari ya haɗo daga gabas bayan lisha.
Ya tura mini ƙwarya, ya zuba kwaruru a cinyata,
ya ce, duk ƙiftawa ɗaya, jefa ƙwaya ɗaya.

Da fari jefi-jefi take,
can cikin cikin girgije, ba ta leƙo ƙasa ba,
kamar mai neman allura da tocila a ɗakin wani.
Tsakanin ƙwaya da ƙwaya
har sauro na kashe, har hamma na yi.

Sai ta fara sauri.
Bakwai, sha biyu, ashirin da wani abu,
hannuna ya kasa bin idona,
na koma zubawa da tafi.
Giginyu suna bayyana, suna ɓacewa, suna bayyana.
Cida ta haɗe ta zama gurnani ɗaya marar numfashi.
Ƙanƙara ta bugi jinka sau uku, ta fasa.

Daga nan, ɗif.

Ƙwaya tana hannuna, babu dalilin jefa ta.
Kwaɗi sun yi gum. Jakin Arzika ya ja turkensa.
Na ce, Kawu, ya wuce.
Bai amsa ba. Ya kama wuyan rigata,
ya cusa ni cikin lambatu, ya kwanta bisa bayana,
warin taba da albasa da laka.

Ban ga guguwar ba, jin ta na yi,
kamar tirela goma kan gadar Rima.
Da walƙiya ta dawo, guda ɗaya, doguwa, har ƙasa,
ta nuna mini kwanon makarantarmu yana tafiya a sama,
shi kaɗai, ba gaggawa.

Da safe mun tsinci albasa har gonar Labbo.
Ƙwaryar tana inda na bar ta,
ko ƙwaya ba ta zube ba.

Yau ina gyaran rediyo a Sakkwato.
Wasu hadarin sun yi shiru, ba abin da ya biyo baya,
wasu sun yi ɓarna bakinsu bai rufe ba.
Na faɗa wa Kawu haka kafin ya rasu.
Ya ce, to, ka ci gaba da ƙirga.