Ɗigo na Huɗu

A Porto, a benen da ke kallon masu gasa kifi,
Custódio ya ture kofin gahawa gefe,
ya shimfiɗa takardar da aka naɗo burodi.
Rularsa ta tsufa, lambobin sun goge.
"Ba ruwanmu da su," in ji shi.

Ya ja layi guda, ya ɗiga biyu:
"Wannan ni, wannan kakarki."
Na uku a tsakani, ya fi kusa da ita:
"Ubanki ke nan, ɗan lelenta."

Benvinda ta karɓi fensir.
"Zaɓi wuri a sama, duk inda ranki ya so.
Sauko da layi uku, kowa da nasa.
A kan na ubanki ƙara ɗigo.
Daga ni ratsa ta cikinsa, daga kakarki ma haka.
Inda suka sari na gefe, haɗa su, ki ja,
ki yi ta ja har ki dawo layinmu."

Fensir ya sauka can waje,
kan wani tabon man zaitun.

"Sake."
Ta sake daga nesa, a karkace, da gangan.
Sau biyar, har takarda ta koma saƙar gizo,
amma kowace hanya ta ɗauka
tabon nan ne ke jiranta.

"In uku suka zauna, na huɗu ba shi da ta cewa.
Ɗaga takardar a fitila, dubi inuwarta a bango:
tsawo zai yi ƙarya, kusurwa ta ci amana,
su huɗun nan ba sa saɓa alkawari."

"To da baba ya tsaya tsakiya daidai,
bai fi son kowa ba?"

Tarago ya wuce a ƙasa, tagogi suka yi rawa.
Tsohon ya goge, ya matsar da ɗigon,
hannunsa ba kamar ɗazu ba.
Layin ya kwanta, ya bi nasu kafaɗa da kafaɗa,
ya ƙi sauka.

"Ina na huɗun?"

"Yana nan. Inda ƙarafan dogo ke haɗuwa a ido.
Inda Anselmo ya nufa da jirgin ruwa,
shekara talatin, ko wasiƙa."

Yarinyar ba ta ce uffan ba.
Ta ɗauko wata takardar burodi,
ta haɗa baki da baki,
ta ci gaba da ja.