Girgije da Girgiza

A ƙasan ginin Urrutia, layi na uku daga tashar jiragen ruwan Valparaíso,
akwai ɗaki ba taga, sanyinsa kamar cikin randa.
A nan na yi furfura.
Shekara goma sha bakwai ina sauraron nishin na'ura,
na san tarinta na tsakar dare, na san ranar fushinta,
yadda matata Ximena ta san nawa.

Komai yana cikinta:
takardun fiton kaya, albashin mutum arba'in da ɗaya,
kwantenar inabin da ta ruɓe a hanyar Busan,
da bashin da marigayi Don Evaristo ya yafe wa wani direba,
ba wanda ya sani sai ni da ita.

Ran Litinin wani saurayi ya zo daga Santiago,
takalminsa fes, bakinsa zuma.
Ya ce, ku kwashe komai ku ɗora a kan girgije.
Na ce, yana ina, girgijen?
Ya ce, ko'ina.
Na ce, abin da yake ko'ina, wuyan wa zan riƙe in ya salwanta?
Ya yi dariya, ya buɗe jadawali mai launi biyar.
Na bi ƙananan rubutun da ɗan yatsa:
shiga kyauta, zama da haya, fita kuwa sai ka sayar da riga.
Hayar kuma da dala ake biya.
Na ce a zuciyata, ga kura, ga ajiyar nama.

Doña Eliana tana juya cokali a shayi.
Ba ta ce uffan ba.

Daren nan barci ya ƙi.
Na tuna daren da ƙasa ta girgiza,
na gangaro daga tudu da silifas ɗaya, tocila a baki,
na tarar bututu ya fashe, ruwa har idon sawu.
Na rungumi na'urar kamar ɗan maraƙi
na ɗora ta bisa bulo huɗu.
Har yau tana kai.
Kwafin ajiyar fa?
Yana cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadona,
kan tudun da ke rawa tare da ita.

Da safe Doña Eliana ta sauko da kanta, da sandarta,
matakala goma sha tara.
Ba ta kalli na'urar ba, ni ta kalla.
Ta ce, Baltazar, ranar da aka kwantar da kai asibiti,
wa ya san kalmar sirri?

Na buɗe baki. Fanka kawai ke magana.

Ashe ba girgizar ƙasa take tsoro ba.
Gwiwata take ji tana ƙara a matakala,
ƙwayar hawan jini take gani a gefen madannai.
Rumbun da nake gadi
ni ne tsagar da ke jikinsa.

Yanzu na gane girgije ba sama ba ne.
Wani ɗaki ne ba taga a ƙasar wasu,
da wani mai gadi mai ciwon baya
wanda ba zan taɓa sanin sunan matarsa ba.
In amince masa? Ban sani ba.
Ni ma ai amince min aka yi.

Na ce mata, mu fara da rasitai.
Albashi ya jira bayan hunturu.
Kwafi ɗaya ya kwana a hannunmu, ko da me.
Ta ce, rubuta.
Ban sa hannu ba tukuna, takardar na aljihuna.

Hazo ya rufe teku yau da yamma,
jiragen ba sa ganuwa, sai kukansu.
Na sauka na kashe fitila,
na dafa gefenta.
Da ɗumi.