Dutsen Awo

Ran da aka ɗora sikeli kan tirela
ni na riƙe bakin igiya.
Shekara goma sha tara ina shafa masa mai,
ga ni yau ina ce wa yara:
a hankali, kada allurar ta goce.

Alhaji Gado na tsaye bakin sito,
makullai a hannu, ido a ƙasa.
Ya ce, Nomau, ba ni na sallame ka ba,
wake ne ya daina ƙetarowa.
Buhun da ke shigowa da takarda guda
yanzu sai an tambaye shi sunan ubansa
a shinge bakwai.
Zan gwada Dawanau.

A teburin mai shayi muka fara jin labari,
rediyo na shaƙewa, batir ya yi sanyi:
wai maƙwabta sun fice daga ƙungiya.
Muka ce maganar masu kwat ce,
ƙaro mana madara.
Wa ya san hannun da aka janye a babban birni
cikin tukunyarmu zai zo ya yi laluben nama?

Da can, Kamba ba ta barci ranar kasuwa.
Motoci jere har bayan makaranta,
direba na zagin yaronsa da Zabarmanci,
yaron na ramawa da Hausa,
ni kuwa ina kira: ɗari da biyu! ɗari ba ɗaya!
alli a bayan kunne,
bakina fari da garin wake.

'Yan dako talatin da huɗu ne a littafina.
Ɗan Tani, mai ɗaukar buhu yana waƙa,
ya bi motar albasa zuwa kudu.
An ce yana gadin shago a Shagamu,
an ce ba shi ba ne.
Maidabo mai canji ya nannaɗe sefarsa da roba,
yana zaune yana kore ƙuda daga kan tebur.
Ige mai tuwo ta sauke tukunya uku,
ta bar ƙarama,
ita ma rabinta bashi ne.
Bakwai suna safarar fetur a jarka cikin dare,
ta hanyar da jaki ma sai ya yi shawara.
Mun yi wa ɗaya sallah bayan azumi.

Uwar matata tana Gaya.
A babur, kafin ka gama tauna goro ka isa.
Hajo ta daka mata yaji tun watan jiya,
yana nan cikin gwangwani, saman katanga.
Kullum sai gobe,
in an samu na mai da na masu shinge.

Ni dai na koma fadama a shekara hamsin da uku.
Fartanya ta gane ni, bayana ne ya manta.
Kulu ta kawo takardar kuɗin jarrabawa,
na karanta sau biyu,
kamar lambar za ta ji kunya ta ragu.

Abu ɗaya ban faɗa wa kowa ba.
Da tirelar ta tashi, ta daki ramin bakin kwalbati,
dutsen awo na kilo biyu ya gangaro
har gaban takalmina.
Ban ɗaga murya ba.
Na sa shi aljihu, rigar ta karkace,
haka na bi ta kasuwa zuwa gida.

Shi ke tokare mana ƙofa yanzu.
In na dawo gona nakan ɗauke shi, in jinjina:
kilo biyu, cif.
Mudu ya rage, miya ta rage,
sahun asuba ma ya rage,
shi kaɗai ne a garin nan bai rame ba.

Shekaranjiya Alhaji ya bugo waya.
Bayan gaisuwa, da ya iyali, ya ce
duwatsu ba su cika ba, ko na ga ɗaya?
Na ce yana nan, lafiyarsa lau.
Ya ce a ba direba.
Na ce wane direba, Alhaji?
Zo da kanka ka ɗauka.