Sitiyarin da Ya Sauya Gefe

A Keighley, bayan wata tsohuwar masaƙa,
yayyafi na zuba kamar ba shi da wurin zuwa.
Misis Pickersgill ta yaye tamfol,
ta ce, "Ga ta nan, Tanimu. Ka faɗa mini gaskiya."

Buick ce, 'yar hamsin da shida, ƙofa huɗu,
doguwa kamar kwalekwalen Yawuri,
launinta na miyar kuka da ta kwana.
Na zaro maganaɗisu daga aljihu,
na bi jikinta da shi daga goshi har ƙugu.
Inda ya kama, ƙarfe ne.
Inda ya zame, an cusa ƙarya an shafe da fenti.
Sau biyu kacal ya zame. Ba laifi.
Lambar inji ta amsa sunan da ke takarda.
Kujeru na asali, har da ƙunar taba
daidai inda gwiwar wani ta saba zama.

Sai na kwanta ƙarƙashinta, tocila a haƙora.
Mota ba ta iya kunya daga ƙasa.
Ga ramuka huɗu a hagu, an toshe su da noti,
kufan inda sitiyari ya taɓa zama.
Ga walda a dama, ɗinkin hannu,
layi-layi kamar sharaɓar babbar riga,
ga akwatin sitiyarin wata tsohuwar Bedford
an aro shi, an koya masa zama da baƙi.

Na fito ina kaɗe tsatsa daga gemu.
Na ce, "A hagu aka haife ta. Wani ya mai da ta dama.
Mai saye daga Harrogate zai zabge fam dubu huɗu,
kuma ba zalunci zai yi ba."

Ta daɗe tana murza maɓallin rigar sanyinta.
Ta ce, "Desmond ne.
Da ya kawo ta, shi ke gefen shinge, ni ke tsakiyar titi.
In zai wuce babbar mota sai ya ce in leƙa,
ni ce idonsa, fitilu na tahowa kan fuskata.
Wata rana a hanyar Skipton na ce wuce,
ashe ban gani da kyau ba.
Ba abin da ya same mu. Madubi kawai.
Amma na daina shiga.
Wata bakwai yana kwana a garejin nan."

Ban ce komai ba. Na tuna Baba,
shekarar da aka koma hannun dama a gida,
titi ya juya, sitiyarin rokarsa bai juya ba.
Daga Funtuwa zuwa Gusau
ransa na bakin Ɗan'asabe, yaron mota,
mai leƙe ta taga yana ihu, "Wuce, maigida!"
Baba bai taɓa yi masa tsawa ba, ko da ya ci kuɗin mai.

Takardar tana da gida biyu: asali, ko sauyi.
Babu gidan da za a sa wata bakwai.
Na ja layi a sauyi, don abincina ke nan,
wanda ya sayar da idonsa sau ɗaya ya gama sana'a.
A ƙasa, inda aka bar fili ɗan yatsa biyu,
na ƙara: walda ta hannu, shekara arba'in da ɗaya,
na buga ta da guduma, ba ta ce uffan ba.

Ta ba ni shayi a kofi mai tsagaggen baki,
ta tambaya ko zan tayar da injin ta ji.
Ya yi tari uku, ya kama.
Ta buɗe ƙofar hagu ta zauna, jaka a cinya,
tana kallon bangon gareji ta gilashi.

Da zan tafi, makulli a hannu, ruwa a wuya,
shekarata goma sha tara a ƙasar nan,
na nufi motata ta ƙofar da ba sitiyari.