Hanyar da Ba Ta Riƙe Sawu

Ni Barmo, akumari na gada, ba filafili ba.
Ubana da ƙafa ya san Karaduwa:
rani ya yi, a taka yashi a wuce,
damina ta yi, a zauna gaɓa har ta huce.
Sai aka shaƙe mata wuya a Zobe,
ta kumbura, ta kwanta bisa hanyar jakanmu,
ba ta ƙara tashi ba.

Ƙarƙashin inda nake tuƙi yanzu
akwai tsamiyar da muke sauke mangala,
da rijiyar Tabawa, da masussuka.
In ruwa ya ja baya, reshe ɗaya kan leƙo
kamar hannun mai son a rage masa hanya.

Manu Basarke, baƙo daga Yawuri,
shi ya yi dariyar riƙon da na yi wa gora.
Ya ce, "Bakatsine, wannan ba jaki ba ne,
ba ya jin tsawa, ba ya jin sanda."
Wata uku ina kewaya wuri guda,
yara a gaɓa suna yi mani tafi.
Ran da jirgin ya miƙe, ban san me na gyara ba.

Yau ran kasuwar Dutsin-Ma.
Albasa buhu tara, tumatur kwando shida,
babur a kwance yana ɗigar da mai,
akuya ta sa baki a ganyen wani,
malamin firamare ya rungume takalmansa.
Ta kwalta, sai hantsi ya dubi ludayi,
tumatur ya isa rabinsa miya.
Ta nan kuwa ba rami, ba shinge,
ba mai miƙo hannu ta taga.
Ruwa kan ɗauki kaya bai ce ya gaji ba.

Amma yana karɓar nasa.
Shekarar da Cindo ya loda har baki,
iska ta taso daga gabas, kututture ya jira su.
Mun tsamo buhuna, mun tsamo hula.
Lawandi sai kwana biyu ya taso.
Tun daga nan nake ƙidaya kai.
Sha huɗu. Na sha biyar ya zage ni in ya so,
gara zagi da zaman makoki.

Bara wasu suka zo da farar mota,
da igiyar awo, da takarda mai faɗin tabarma.
Suka ce nan matakala, can rumfar jira,
jirgi mai inji zai ci mutum hamsin,
kowa da rigar da ba ta nitsewa.
Suka kafa turke, suka shafa masa jan fenti.
Turken na da kyau.
A nan nake ɗaure jirgina.

Ba na ƙin su, Allah ya maido su lafiya.
In sun dawo, su zo mu shiga tare,
in nuna masu abin da takarda ba ta gani:
itatuwan da ke tsaye a ƙasa suna jira,
laka inda Kyauta ta durƙusa cikin dare
naƙuda na cin ta, fitila a bakina.
A tumɓuke waɗancan, a daɓe wannan,
sannan a yi maganar hamsin.

Ɗana Shekarau ya riga ya iya sunan inji,
yana kwaikwayon kukansa da leɓe.
Na ce koyi iska tukuna, mai kan ƙare.

Magariba. Na sauke na ƙarshe, na waiwaya.
Sawu bakwai na yi yau.
Da jaki ne, da kofato ya ba da shaida.
Nan kuwa ruwa ya rufe bakinsa, sumul,
kamar ba wanda ya taɓa wucewa.
Gobe in sake buɗe ta daga farko.