Ma'ajiya Ta Cika

Da sassafen Talata wayata ta ce ta ƙoshi,
ni kuwa ko karyawa ban yi ba.
"Ma'ajiya ta cika," in ji ta da jan rubutu,
kamar mai gidan haya da haƙurinsa ya ƙare.

Ba wani abu na nema ba.
Jirgin ruwan nan mai jan ciki
da ya kwana uku a tashar Valparaíso,
shi na so in ɗauka kafin ya ɗaga.

Na kira Baltasar, jikana, yana Santiago.
Ya ce, "Kaka, ki zuba su a gajimare mana."
Na leƙa ta taga.
Gajimare uku ne a kan teku,
babu mai kama da mai riƙon amana.

Sai na ja kujera, shayi yana hucewa,
na fara shara ba tsintsiya.
Hoton rufin ɗaki, sittin da ɗaya.
Babban yatsana, shi kaɗai, a wurin bikin wani.
Rasit ɗin kantin magani.
Furannin barka da safiya
da Herminia ta gidan ƙasa ke turo mini
shekara huɗu ba fashi,
alhali in mun haɗu a matakala, da kyar take amsa gaisuwa.

Na shiga akwatin imel.
Dubu tara da ɗari uku ba a buɗe ba.
Wani kantin takalma da na taɓa shiga sau ɗaya
yana ta rantsuwa ya yi kewata.
Ko ɗan da na haifa bai rubuto haka ba.

Duk wanda na taɓa, sai wayar ta tare ni:
"Kin tabbata?"
Ranar da aka ɗaura mini aure ba a tambaye ni sau biyu ba.
Ranar da muka sayar da kwalekwale ma haka.
Yau a kan hoton tukunyar wake
ake neman in sake tunani.

Can ƙasa ta nuno wani bidiyo,
ta ce shi ne babban mai cin wuri.
Minti goma sha ɗaya.
Na danna.

Daɓen kicin ne, a karkace,
da silifas ɗin Anselmo, na hagun da ya tsinke.
"Eduvigis, ina ake taɓawa? Ya fara ne?"
Tari.
Sai muryata daga bakin murhu, da kaushi:
"Ajiye min, kada ka lalata."
Ya ajiye. Bai kashe ba.

Daga nan ba a ganin komai sai fitila.
Cokali yana bugun kwano.
Rediyo na faɗin farashin kifi.
Ya ce gishiri ya yi yawa,
na ce harshensa ne ya tsufa,
ya yi dariyar nan tasa mai fita ta hanci.
Aka ja kujera.
Ba wanda ya faɗi abin kirki ko ɗaya,
don ba mu san ana ji ba.

Hunturu biyu ke nan da rufe shi a kan tudu.

"A goge?" in ji wayar.
Ita lissafi take yi, ban ga laifinta ba.
Wanda bai san gari ba, shi ke tambayar kuɗin rijiya.

Na goge manhajar hasashen yanayi,
gwiwata ta fi ta sanin ruwa.
Na goge taswira.
Shekara saba'in da uku ina hawa tudun nan,
in na ɓata, ba laifin hanya ba ne.
Furannin Herminia na bar mata guda ɗaya,
mai ruwan ɗorawa.

Jan rubutun ya tafi.
Na miƙe, ƙafa ta yi tsami,
na kai waya bakin taga.

Jirgin ya riga ya ɗaga.
Na ɗauki ruwan da ya bari,
da gefen yatsana a kusurwa.