Gurbin Yatsa

Da aka raba gadon Tankari,
gona ta tafi wa manya, jaki da amalanke suka bi ta,
ni aka miƙo mini gurmi cikin buhun siminti.

Ban iya kiɗa ba.
Na dai san wuyansa:
sandar magarya, kamu biyu da ɗan ƙari,
ba a ja mata layi ba, ba a kafa mata ƙarfe ba,
amma gumin shekara arba'in
ya haƙa mata ƴan rijiyoyi uku,
baƙaƙe wuluk, da santsin bakin turmi.
Nan manuniya ke sauka in ana kirarin mahauta,
nan ta tsakiya, in ƴan kokawa sun shigo fili.
Ta ukun ba ya taɓa ta sai bayan lisha,
ran da tuwo bai kai ko'ina ba.

Ran Lahadi na kai shi Bilbis, wurin Abarshi kafinta,
don wata tsaga da ta taso daga kai.
Ya ce jika biyu, a sa sabuwar sanda,
ko ya kankare wannan ta koma sumul.
Yana juya shi a hasken ƙofa sai ya tsaya.
"Tsohon naka bahago ne?"
Na ce a'a.
Ya kama yatsana ya ɗora a wani gurbi can gefe,
ƙarami, marar zurfi,
inda hannun Tankari bai taɓa bi ba.
"To, wani bahago ya daɗe yana latsa nan."

Gidanmu bahaguwa ɗaya ce.
Da hagu take jan guga, da hagu take tuƙi,
da hagu ta sha ja mini kunne.
Tsahara, wadda ko a biki ba a taɓa jin guɗarta ba.

Sai damina ta dawo mini:
shi yana kwanan gona,
gurmi na rataye bayan ƙyaure,
cikin dare na farka da wani amo siriri.
Ta ce sauro ne, kwanta.

Na karɓe kayana, tsagar na nan.
Na iske ta a Kurfayawa tana tsinkar zogale,
na ajiye shi bisa cinyarta.
Ta daɗe ba ta ce komai ba.
Sannan ta goge hannu da gefen zane,
ta juya wuyan zuwa dama,
ta ce, "Tsirkiyar nan ta saki.
Rufe ƙofa."